Shekarar da Na Zauna a Kujerar Malam

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya ara mini kwana har na ga jikoki. Ku 'ya'yana, dominku na zauna rubuta wannan babi, kuma wata magana ce ta sa ni. A gidan suna a Kutama na ji wata mata, wadda ba ta san ni ba, tana ba ta kusa da ita labari, wai a Gwarzo akwai matar da mijinta ya makance, ta karɓe masa shago ta bar shi a zaure.  Na ci tuwona, na yi barka, na taho. Amma a mota na yi ta juya abin a raina. Idan bare yana faɗin haka, ku da kuke ƙanana a lokacin, me kuka riƙe? Babanku ba ya nan balle ya faɗa muku da bakinsa. To ga yadda abin ya kasance, gwargwadon abin da Allah ya bar mini na tunawa.

Lokacin da aka kawo ni gidan nan, Babanku, Malam Habu, shi ne mai hoton da aka sani a wannan yanki. Shagonsa na kusa da tasha. A ciki akwai wani ƙaton labule da wani mai fenti ya zana masa a Kano, gidan bene ne da bishiyar dabino da mota a ƙofar gida. Ranar kasuwa manomi zai taho daga Lakwaya da sabon kekensa, ya tsaya gaban wannan gidan bene ya ƙame, a ɗauke shi. Akwai kuma ɗan ɗaki mai duhu a baya inda yake wanke hotuna, kullum rigarsa da warin ruwan wankin take dawowa gida. Ni kuwa ɗinki nake yi a ɗakina da keke mai ƙafa, kayan yara da na mata. Shagon sai dai in hango shi daga mota idan za mu unguwa. Amma duk hoton da ya kawo gida don ya bushe ko ya yanke gefensa, sai na ɗauka na daɗe ina kallo, har yakan ce mini, Binta, za ki cinye fuskar mutane.

Sai zamani ya juya. Waya mai hoto ta shigo hannun kowa, aka daina zuwa tsayawa gaban labule. Abin da ya rage na aiki shi ne mutum ya zo da hotonsa a waya, an ɗauke shi a gindin bishiya ko gaban garken awaki, ya ce a cire masa bayan a sa fari saboda fasfo, ko a ɗauko amarya daga nan, ango daga can, a haɗa su a kalandar biki. Babanku bai tsaya kukan zamani ba. Ya je Kano ya sayo kwamfuta ta hannu da firinta, ya koyi bin gefen mutum da layi kaɗan-kaɗan har ya zagaye shi ya fitar da shi. Yana cikin samun kan aikin ne idonsa ya fara. Ni na fara lura. Zai yi tuntuɓe da buta a tsakar gida, ko in tsaya a gefensa ya yi ta ƙwala mini kira. Da muka matsa ya je asibiti a Kano, likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ya tafi, sai dai a tattala ragowar.

Ya ci gaba da zuwa shago, har ranar da wani dattijo ya dawo masa da fasfo a gaban jama'a ya ce:

"Malam Habu, ni dai da kunnuwana biyu na zo wurinka."

An yi dariya, shi ma ya yi. Ashe ya yanke wa mutumin kunne ɗaya da gefen hula, bai gani ba. Ranar kafin la'asar ya dawo gida, abin da bai taɓa yi ba, kuma bai taɓa abincin da na ajiye masa ba.

Bayan kwana kaɗan yayansa, Baffanku Alhaji Sule, ya zo. Kun san shi da sayar da taki da hatsi. Ina so ku sani, da alheri ya zo. Na kai musu fura zaure, ina juyowa na ji yana cewa:

"Habu, ka yi naka, Allah ya gani. A kwashe waɗannan na'urori. Damina ta ƙarato, in zuba taki a shagon, ka zauna kana kula. Ba sai da ido ba, yaran shagona za su riƙa ɗauka suna saukewa. Kai dai ka zauna."

"To, Yaya," in ji Babanku. "Allah ya saka da alheri."

Wannan "kai dai ka zauna" ita ta tsaya mini a wuya. Na san mutumin da nake aure. Mutum ne da ya saba ya ce wa hakimi ma ɗaga haɓa, a ɗaga. In aka ajiye shi gadin buhunan wani, ko da na ɗan'uwansa ne, zai ci ya sha, amma zai bushe a zaune. Kuma ba zan ɓoye muku ba, akwai son raina a ciki. Na daɗe ina sha'awar aikin nan ban taɓa faɗa ba. Da safe, bayan ya sha koko, na zauna a gefen tabarmarsa.

"Malam, in ka yarda, ni zan koya."

"Koyon me?"

"Aikin kwamfutar."

Ya ɗan yi murmushi. "Ke da saƙon waya ma sai yara sun duba miki?"

"Keken ɗinkin ma ba da shi aka haife ni ba."

 Can ya ce:

"Ki yi abin da kika ga ya fi."

Maganar ba izini ba ce sosai, ba kuma hani ba ce. Na riƙe ta a matsayin izini. Da labari ya kai ga Alhaji Sule, da kansa ya shigo har tsakar gida. Bai ɗaga murya ba, shi ba mai ɗaga murya ba ne.

"Binta, matar ƙanena a bakin tasha, cikin direbobi da 'yan kamasho? Mu mun mutu ne?"

Na durƙusa na ce, "Allah ya ba ka haƙuri, Yaya. Ba raini ba ne."

"To mene ne?"

Na sake ba shi haƙuri. Ya sa takalmansa ya fita, kuma daga ranar ya ɗauke ƙafa daga gidan nan. Da kuka riƙa tambaya me ya sa Baffa ya daina zuwa cin tuwon Juma'a, ina ce muku aiki ne ya yi masa yawa. To dalilin ke nan.

Wadda ta koya mini ita ce Malama Rahila. Mutuniyar Filato ce, Kirista, malamar makaranta. Sun yi haya a layinmu shekaru, ni nake ɗinka mata kayan zumuntar mata na cocinsu, kafin a mayar da ita wata makarantar 'yan mata a Kabo tana koyar da kwamfuta. Da na buga mata waya na faɗa mata, ba ta yi mini dariya ba. Cewa ta yi:

"Maman Hadiza, ki zo ranar Asabar. Ki zo da yunwa, zan yi gwate."

Haka na yi ta bin motar haya daga Gwarzo zuwa Kabo duk Asabar, daminar nan gaba ɗaya. Na fara tafiya ana shuka, gonaki jajur. Ina gani ta taga gero ya tsiro, ya kai gwiwa, ya rufe mutum. Wata rana ruwa ya tsare mu a hanya, in isa a jiƙe, ta ba ni zaninta in ɗaura mu shanya nawa. Ranar farko hannuna ya kasa sarrafa ɗan abin nan da ake ja a tebur, maus. In na ce ya yi gabas sai ya yi arewa. Ta ɗora hannunta a kan nawa muna ja tare, kamar yadda ake koya wa yaro rubutu a allo.

Da hannuna ya zauna, sai ta ce ba za ta koya mini hanyar Babanku ta bin gefe daki-daki ba, akwai wadda ta fi sauƙi. Ta buɗe hoton wata akuya a ɗaure a jikin danga.

"Kin ga na'urar nan," in ji ta, "ba ta san akuya ba, ba ta san danga ba. Kala take gani, da wurin da wata kalar ta ƙare wata ta fara. Sauri ne nata, sani naki ne. Sai kin gaya mata."

Ga yadda ta koya mini: da farko za ki ja layi ki kewaye abin da kike so, kamar kin sa shi a akwati. Na'ura sai ta yi hasashe, ta ce ga abin, ga bayansa. Wani lokaci ta dace, sau da yawa ta yi ɓarna. Akuyar nan da ƙafa uku ta fito, da guntun kara a maƙale a wutsiya. Sai ki ɗauki koren alƙalami ki ɗan ja a kan abin da kike so ya zauna, ki ɗauki ja ki ja a kan abin da kike so ya tafi. Ba sai kin shafe duka ba, 'yar alama kawai, kamar yadda nake sa alli a jikin yadi kafin in sa almakashi. Daga alamar nan na'ura za ta sake lissafinta, ta bi kalar ta gyara. Ki duba, ki ƙara alama, ta sake. Haka za ku yi ta yi, ke da ita, har abin ya fito. Ranar da ƙafar akuyar nan ta dawo na yi guɗa a falon Malama Rahila, har mijinta ya leƙo ya tambaya ko haihuwa aka yi.

Masu wuyar suna nan. Farar riga a jikin farin bango, na'ura sai ta cinye kafaɗun mutum. Gashin yaro da ba a taje ba. Gyale mai shara-shara, wanda bango ke leƙowa ta cikinsa. A irin waɗannan takan ce mini:

"Nan kam ba dabara, Maman Hadiza. Ki zuƙo hoton kusa, ki yi haƙuri."

Gero na bununi na buɗe shagon. Kwanakin farko kaina a ƙasa nake wuce tasha. An yi magana, na sani. Amma sai ga abin da ban zata ba. Mata suka fara zuwa, waɗanda ba za su taɓa miƙa wa namiji wayarsu ya ga hotonsu ba lulluɓi ba. Amare, masu jego, har da tsofaffi. Aiki ya samu. Na naɗe ɗinki, na ba ƙanwata keken. Auta, kai ba za ka tuna ba, amma a gidan maƙwabta ka yini mafi yawan wannan shekarar, kuma ku manyan kun ci abincin rana da la'asar ba sau ɗaya ba. Wannan duk na iya ɗauka. Abin da ya fi mini nauyi shi ne Babanku. Tun da na buɗe bai taka shagon ba. Yana zaure da rediyonsa. In na dawo ya ce, "An dawo?" in ce, "An dawo." Shi ke nan. In na fara ba shi labarin aikin da na yi, sai ya murɗa rediyo yana neman wata tasha. Bai taɓa yi mini faɗa ba, bai taɓa cewa in daina ba. Da ya yi faɗan ma da ya fi mini sauƙi. Akwai ranakun da na rufe shago na ce a raina, wataƙila Alhaji Sule ne da gaskiya.

Ana cikin kaka, wata ranar kasuwa da hantsi, wata tsohuwa ta yi sallama. Siririya ce, da ƙafafu masu ƙura, a bayanta wata matashiya da goyo. Muka gaisa, ya gida, ya hanya, ya amfanin gona, ya mai jiki. Ta ce sunanta Kande, daga Lakwaya, wannan jikarta ce Safiya. Ta kwance bakin zaninta ta fito da wani hoto a naɗe cikin leda, sai ta miƙa wa jikar. Safiya ce ta yi bayani.

"Mahaifiyata ce a ciki, sunanta Zulai. Wajen haihuwata ta rasu. Duk duniya wannan kaɗai ne hotonta. Yanzu na haihu, ina so a fitar mini da ita ita kaɗai, a sa a firem, 'yata ta tashi tana ganin kakarta."

Hoton biki ne, tsoho, kalarsa ta koɗe, ruwa ya taɓa gefe ɗaya. Mata ne cunkus sun yi anko, atamfa iri ɗaya, gyale iri ɗaya. Safiya ta ɗora yatsa a kan wata fuska a tsakiya, yarinya mai wushirya tana ƙoƙarin danne dariya. Na sa hoton a sikana ya shiga kwamfuta, na kewaye ta, na danna. Na'ura ta fito mini da mace ɗaya mai kai uku. Na ja jan layi a kan ta kusa da ita, sai ta cinye wa Zulai rabin ƙirji, don a wurinta atamfar duk ɗaya ce. Na ja kore, ta dawo da maƙwabciyar. Furannin atamfar sun shiga juna, ni kaina da idona na kasa gane inda jikin wannan ya ƙare na waccan ya fara. Zan iya yanko fuskar kawai in ɗora a kan jikin wata, ana yin haka. Amma yarinyar nan uwarta ta zo nema, raina bai ba ni in haɗa mata da aro ba. Na juya bayan hoton, sai ga hatimin shagonmu, ya kusa gogewa.

Na ce su jira ni a benci, na yafa gyale na yi gida. Yana zaure, rediyo na yi. Na durƙusa na faɗa masa abin da ke tafe da ni.

"Binta, makaho kika zo tambaya abin da ke cikin hoto?"

"Wanda ya ɗauka na zo tambaya, Malam."

Ban tashi ba. Sai na fara faɗa masa abin da ke ciki. Mata ne layi uku, atamfa mai ruwan goro da furanni, a bayansu katangar ƙasa da ƙofar langa-langa, ga reshen darbejiya ya sauko ta sama. Ya miƙa hannu ya rage rediyon.

"Ƙofar, an yi mata koren fenti?"

"Ta yi kama da haka, ya koɗe."

"Kabo ne," in ji shi. "Gidan wani mahauci. A kan turmi na tsaya na ɗauka, don ba su da benci." Ya kashe rediyon gaba ɗaya. "Yarinyar ban tuna ta ba. Amma ni ban taɓa jera mata kafaɗa da kafaɗa ba, hoto ba ya kyau haka. Kowacce sai na ce ta ɗan karkace, ta turo kafaɗa ɗaya gaba, ta haye kan ta kusa da ita. Kuma da la'asar ne, rana ta gefe take. Ki nemi wata siririyar inuwa a gefen kafaɗar da ke gaba. Inda inuwar take, nan jikinta ya ƙare."

"Ta wane gefe zan nema?"

Ya ɗaga hannu yana gwadawa a iska, ya juya kafaɗarsa, ya sake juyawa. Sai ya yi tsaki.

"Ba zai yiwu daga nan ba. Miƙo min sandata."

Muka fito tare, yana gaba ina binsa, don hanyar a ƙafarsa take. A tasha aka yi ta ɗaga masa murya, Malam Habu, kwana biyu, ya jiki. Yana amsawa bai tsaya ba. Da ya shiga shagon ya ɗan dakata a bakin ƙofa, ya shafa bango, sannan ya gaisa da tsohuwar, gaisuwa mai tsawo irin tasu. Na tashi zan ba shi kujerar, ya ce in zauna, ya jawo benci ya zauna a gefena.

"Zuƙo kafaɗar. Me kike gani?"

"Furanni kawai."

"Ƙara. Bar kallon furen, kalli haske. Ina ya fi duhu?"

Na ƙara zuƙowa har hoton ya fashe ya zama ƙananan dabbare-dabbare. Sai ga ta, wata 'yar inuwa kamar zare, ta sauko daga wuya ta bi hannu. Na ja kore ta cikinta, na ja ja ta wajenta, kusa da kusa, ina yi ina faɗa masa, yana cewa gangara, yi a hankali a gwiwar hannu, gyale yakan tattare a nan. Na danna. Na'ura ta yi ɗan tunaninta, sai sauran matan suka ɓace, Zulai ta tsaya ita kaɗai, da kafaɗunta da gyalenta da dariyarta. Safiya ta rufe baki da hannu.

Saura abu ɗaya. A kan kafaɗarta ta baya akwai hannun wata, yatsu huɗu da jan lalle, mai hannun kuma ba ta fito ba, kan wata ya rufe ta. Na ɗauki jan alƙalami na ja a kai. Ban kai ga dannawa ba na ji an taɓa ni. Inna Kande ce, ta taso daga benci ta tsaya a bayana.

"'Yar nan, me wannan jan yake yi?"

"Cire hannun zai yi, Inna, don ta fito ita kaɗai."

 Sai ta fito da hannunta daga cikin mayafi ta ɗora a kan tebur. Ƙaramin yatsanta a tanƙware yake. Na dubi na cikin hoton, shi ma haka.

"Taɓarya ce ta same shi ina yarinya," in ji ta. "Ranar nan an ce in shigo hoto na ƙi. 'Yar fari ce, ina ni ina tsayawa kusa da ita a gaban mutane. Gyalenta ne na ga yana zamewa, na zagayo ta baya in gyara mata, na sunkuya, sai mai hoto ya ɗauka."

"Ni ne mai hoton, Inna," in ji Babanku a hankali.

"To ka yi gaggawa, Malam," ta ce, ta ɗan yi dariya. Dariyar ba ta yi nisa ba. "Har ta koma ga Allah ban taɓa kiran sunanta ba. Haka muka taso, kunya ce. Ban taɓa riƙe ta ba in da idon mutane."

Ba ta ce a bari ba, ba ta ce a cire ba. Safiya na kallon ƙasa, hawaye na sauka a kan goyonta da ta juyo da shi gaba. Na goge jan layin, na ɗauki kore na bi yatsun ɗaya bayan ɗaya, har da tanƙwararren. Safiya ta so a sa furanni a baya, irin na kalandar biki. Babanku ya ce in ta yarda a bar shi shuɗi mai haske kawai, furanni za su yi gasa da na atamfar. Ta yarda. Na buga, na sa a firem.

Inna Kande ba ta kalli firem ɗin ba. Ta karɓa da hannu biyu, ta miƙa wa jikarta, ta yi godiya, ta sa albarka. Sai da Safiya ta fita waje neman mota, ta dawo bakin ƙofa, ta rage murya kamar mai tambayar abin kunya.

"Ana iya yin ƙarami? Wanda zai shiga cikin kwalla, ƙarƙashin kaya."

Kafin in buɗe baki Babanku ya ce:

"Ana yi, Inna. Binta, a buga mata a takarda mai kauri, a rufe shi da leda saboda damshi."

Na ce, "To, Malam."

Daga nan muka yi shekaru muna aikin tare, har ciwon ajalinsa. Shi ke karɓar mutane, shi ke zaunar da mai fasfo, ya ji daga inda murya ke fitowa ya ce ɗaga haɓa, ni in ɗauka in gyara. Malama Rahila ta yi ritaya sun koma gida, muna gaisawa a waya, har yanzu tana tambayata akuya. Baffanku ya dawo gaisuwar Sallah da ta rashin lafiya, shi ya yi tsaye a kan jana'izar ƙanensa, amma har ya rasu bai taɓa shiga shagon ba, bai kuma sake cin tuwona ba. Wannan ban samu na gyara ba, kuma ina so ku riƙe zumunci da 'ya'yansa fiye da yadda ni na iya. Yanzu wayar Hadiza da taɓawa ɗaya take fitar da mutum daga hoto, ni kuma tabarau ya hau fuskata. Ba na jin haushin haka.

Amma bari in koma washegarin zuwan Inna Kande, don ita ce safiyar da na fi tunawa a duk shekarar. Na tashi na dama koko, na shirya ku makaranta, ina ɗaki ina neman gyale. Ban san ko jiya ta wuce ke nan ba, ko zai koma wa rediyonsa. Sai na ji sanda na ƙwanƙwasa ƙofar zaure. Na leƙo. Yana tsaye da farar rigarsa ta fita da hula, har ya sa turare.

"Binta, rana ta yi. Mai shago ba ya barin mutane su riga shi zuwa. Ina makullin?"

Na ɗauko na sa masa a hannu. Ya jefa a aljihu ya yi gaba, na ja ƙofa na bi shi.

Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa, ku kuma ya yi muku albarka.